ƊANYEN ABINCI ZALLA: ME YA SA ƊOREWA A KANSA KE DA WUYA?

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane da suka yi wa tukunya tawaye. Sun ɗaukar wa kansu alkawarin ba za su ƙara cin abin da wuta ta taɓa ba, sai 'ya'yan itatuwa da ganyaye da gyaɗa da dangoginta, da kuma tsabar da aka jiƙa har ta tsiro. Ƙa'idar da yawancinsu ke bi ita ce kada zafin da zai taɓa abincin ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salsiyas. Wasu daga cikinsu sukan haɗa da ɗanyen ƙwai da ɗanyar madara, har ma da ɗanyen nama, amma akasarinsu tsirrai kaɗai suke ci. Da yake wayar hannu ta shiga kowane gida, ɗalibanmu ma suna cin karo da hotunan waɗannan mutane, ga su nan garau, suna ba da labarin yadda suka rage ƙiba, fatarsu ta yi sheƙi.

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da bakin masu wannan ɗabi'a, ita ce: yaya zan yi in ɗore? Mutum zai fara da zafinsa, ya yi mako biyu ko wata guda, sai wata rana ya gifta ta ƙofar gidan burodi, ƙamshi ya buge shi, shi ke nan alkawari ya karye. Daga nan sai ya shiga zargin kansa da ragwanci da rashin himma, abokan tafiyarsa kuma su yi ta ba shi shawarar ya ƙara ƙwazo. A wannan darasi za mu duba ko himma ce ta yi ƙaranci, ko kuwa jikin ne yake wani lissafi da mai shi bai sani ba.

Inda abin ya samo asali

Ana danganta mafarin wannan tsari ga wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Maximilian Bircher-Benner, wanda ya rayu daga 1867 zuwa 1939. Yana da gidan jinya a birnin Zurik, inda yake ba majinyata ɗanyen tuffa da aka goga, a cakuɗa da ɗan jiƙaƙƙen hatsin ot da madara da ruwan lemon tsami. Wannan haɗin shi ne asalin abincin karin kumallon nan da Turawa ke kira musli. A ganinsa, tsirrai suna ɗauke da ƙarfin hasken rana, girki kuma yana lalata wannan ƙarfi. Bayanin nasa ba daidai ba ne, amma majinyatansa da dama sun ji sauƙi, kuma yau mun san dalili. A wancan zamani masu hali a Turai nama da farin burodi suka fi ci, ganye kuwa sai an dafa shi ya yi laga-laga. Ba a ma ƙirƙiro kalmar bitamin ba sai a 1912, ta bakin Casimir Funk. Wato dai likitan yana ba mutane bitamin C da dusar abinci mai gyara hanji, alhali bai san sunansu ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda game da shi, domin za mu dawo kansa: bai haramta dafaffen abinci ɗungurungum ba.

Waɗanda suka biyo baya ne suka tsananta. A Amurka, wata mata mai suna Ann Wigmore ta kafa cibiya a birnin Boston, tana koyar da cewa ruwan ganyen alkama da tsiron tsaba suna warkar da cututtuka masu yawa. Wani kuma, Edward Howell, ya yaɗa ra'ayin da har yau shi ne ginshiƙin wannan tafiya, musamman a littafinsa da ya fito a 1985. Ya ce kowane ɗanyen abinci yana tafe da sinadaran inzayim nasa waɗanda ke taimakawa wajen narkar da shi, kuma idan aka dafa shi aka kashe su, sai jiki ya yi ta ɗibar nasa har rumbunsa ya ƙare, tsufa da ciwo su shigo.

Ɗalibin da ya yi darasin narkewar abinci zai iya warware wannan magana da kansa. Gaskiya ne zafi yana lalata inzayim. To amma shi inzayim furotin ne, kuma idan ya sauka cikin tumbi zai tarar da ruwan asid mai tsananin tsami da sinadarin pefsin, wanda aikinsa ke nan daddatsa furotin. Mafi yawan inzayim ɗin ganye a nan yake gamuwa da ajalinsa, kamar yadda furotin ɗin wake ko na nama ke yi. Ban da wannan, jiki ba shi da wani rumbun inzayim da ke ƙarewa. Yawun baki da tumbi da ƙaramin hanji da gaɓar nan ta fankiriyas suna ƙera sabo kullum daidai da bukata. Akwai 'yan togaciya, alal misali wani inzayim da ke cikin ɗanyen kabeji yana aikinsa tun a baki lokacin tauna, ya fitar da wasu sinadarai da masana ke ganin suna da amfani. Sai dai wannan bai kai a gina rayuwa dukanta a kansa ba.

Lissafin ciki

Bari mu ɗauki alƙalami. Matashi mai zuwa makaranta yana bukatar kimanin kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, namiji mai wasan ƙwallo ma ya fi haka. Giram 100 na ɗanyen kabeji yana ba da kalori 25. Na tumatir 18, na karas 41, na kankana 30, na mangwaro 60, na ayaba 89. Idan kabeji kaɗai mutum zai ci don ya sami kalori 2,000, sai ya cinye kilo takwas. Idan kankana ce, kusan kilo bakwai. Ayaba ma, wadda ta fi su nauyi, sai ya ci wajen guda ashirin. Tumbin mutum kuwa abin da yake ɗauka cikin jin daɗi a zama ɗaya bai wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Kwatanta wannan da dafaffiyar shinkafa mai kalori 130 a giram 100, wadda kuma ake zuba mata mai, shi kuwa mai cokali guda na cin abinci ya haura kalori 100.

Ke nan mai cin ɗanye yana cikin wani hali mai ban mamaki: cikinsa a cike, jikinsa kuma da yunwa. Abin da ke cetonsa shi ne gyaɗa da kwakwa da dabino da fiya da man zaitun da aka tatsa ba da wuta ba, da kuma injin markaɗe. Wannan injin yana da muhimmanci ƙwarai. Birin nan da ake kira cimfanzi, wanda ɗanye kaɗai yake ci a dajinsa, yana shafe wajen sa'o'i shida a rana yana tauna. Mu kuwa duk taunar da muke yi a yini ba ta cika kai sa'a ɗaya ba. Baturen da ke zuba ganye da ayaba a injin lantarki ya markaɗa ya sha, inji ne ya yi masa taunar.

An taɓa gwada abin a fili. A 2006, gidan talabijin na BBC ya ajiye mutum tara masu hawan jini a wani tanti cikin gidan namun daji na Paignton da ke Ingila, har kwana goma sha biyu. Ana ba kowannensu ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye da dangin gyaɗa da nauyinsu ya kai kilo biyar a rana, aka ƙara musu ɗan dafaffen kifi a mako na biyu. Jininsu ya sauka, kitsen cikin jini ya ragu, wannan abin farin ciki ne. Amma duk da cewa an tsara abincin don ya ishe su, sun zubar da kimanin kilo 4.4 kowannensu a wannan ɗan lokaci. Ga mai ƙiba, a kwana goma sha biyu, wannan riba ce. Tambayar ita ce abin da zai faru in aka yi shekara uku a haka.

Abin da wuta ke yi wa abinci

Yawan kalorin da aka rubuta a littafi daban, wanda hanji ya iya tatsa ya miƙa wa jini daban. A nan ne aikin wuta ya fi fitowa.

Sitacin da ke cikin gero da masara da dankali yana nan ne a dunƙule, cikin wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Inzayim ɗinmu ba ya samun ƙofar shiga sosai. Idan aka zafafa su cikin ruwa, da zarar zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, sai ƙwayoyin su sha ruwa, su kumbura, su fashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai dama koko ya ga wannan da idonsa: gasara tsararo ce fara fat, ana sheƙa mata tafasasshen ruwa sai ta yi kauri nan take. Wannan kaurin shi ne alamar sitaci ya buɗe, kuma a haka ne hanji ke iya mai da shi suga cikin sauƙi.

Haka abin yake ga furotin. A 1998, wasu masana a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam suka auna yadda ƙaramin hanji ke karɓar furotin ɗin ƙwai. Suka tarar idan dafaffe ne, kimanin kashi 91 cikin ɗari yake shiga jiki, idan kuwa ɗanye ne, kashi 51 kacal. Samarin da ke fasa ɗanyen ƙwai a madara don su yi ƙwanji, su lura: kusan rabin kuɗinsu suke zubarwa. A 2011 kuma, Rachel Carmody da abokan aikinta a Jami'ar Harvard suka ciyar da ɓeraye dankalin Hausa da nama, wani lokaci ɗanye, wani lokaci dafaffe. A duka biyun, dafaffen ya fi riƙe musu nauyin jiki.

Ba kowane abu wuta ke gyarawa ba. Tana lalata bitamin C da sinadarin folet, musamman idan aka daɗe ana tafasa ganye, aka kuma tsiyaye ruwan aka zubar. A wannan fanni masu cin ɗanye suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ta shafi tukwanenmu. Amma jan sinadarin da ke cikin tumatir, wato laikofin, da na karas wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, sun fi shiga jiki idan an dafa su da ɗan mai.

Richard Wrangham, masanin halayyar birai da tarihin ɗan'adam a Harvard, ya tattara irin waɗannan hujjoji a wani littafi da ya wallafa a 2009. Ya nuna cewa haƙoranmu ƙanana ne, muƙamuƙinmu ba shi da ƙarfi, babban hanjinmu kuma, inda ake ruɓar da ɗanyen ganye a tatsi abin da ke cikinsa, bai wuce kashi ɗaya bisa biyar na dukan hanji ba, alhali na manyan birai ya kai rabi. Masana suna jayayya kan lokacin da aka fara girki. An sami toka da ƙonannen ƙashi da suka kai kimanin shekara miliyan ɗaya a kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu, shi kuma Wrangham yana ganin abin ya girmi haka. Wannan muhawara tasu ce. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ba a taɓa samun wata al'umma a doron ƙasa da ke rayuwa a kan ɗanye zalla ba. Ko mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara, waɗanda suka yi suna da cin ɗanyen nama da kifi, suna dafa wani sashe na abincinsu.

Waɗanda suka ɗore, me suka samu?

Bincike mafi girma da aka yi kan masu wannan ɗabi'a shi ne na Jami'ar Giessen da ke Jamus, wanda Corinna Koebnick da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a 1999. Sun bincika maza 216 da mata 297, waɗanda suka yi shekara uku da 'yan watanni, a matsakaicin lissafi, suna cin abincin da akasarinsa ko dukansa ɗanye ne. Waɗannan su ne gwanayen ɗorewa, ba wanda zai zarge su da ragwanci.

Tun daga lokacin da suka fara, maza sun zubar da kimanin kilo 10, mata kilo 12. Kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da kashi 25 na matan nauyinsu ya faɗi ƙasa da mizanin lafiya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kimanin kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba, jinin al'adarsu ya rikice ko ya ɗauke gaba ɗaya, kuma gwargwadon yawan ɗanyen da mace ke ci, gwargwadon yadda matsalar ke ƙaruwa. Ɗaukewar al'ada ga mace mai ƙuruciya wadda ba ta da juna biyu saƙo ne daga jiki cewa abin da ke shigowa bai isa a ɗauki nauyin wani rai ba. A tuna kuma waɗannan Jamusawa ne masu shiga kanti su sayi 'ya'yan itatuwan kowace nahiya rani da damina, ba masu noma da fartanya ba.

Wani rahoton daga wannan bincike, na 2005, ya nuna kitsen jininsu ya yi ƙasa, wanda alheri ne ga zuciya, amma kashi 38 cikin ɗari suna da ƙarancin bitamin B12. Wannan bitamin ba a samunsa a tsirrai, sai a nama da kifi da ƙwai da madara. Yana da wata yaudara: hanta tana ajiye wanda zai ishi mutum 'yan shekaru, saboda haka a shekarar farko mutum zai riƙa jin garau yana yabon sabon tsarinsa, sai daga baya kasala da ƙarancin jini da jin tsitstsira kamar tafiyar kiyashi a tafin ƙafa su bayyana. Idan aka yi sakaci, lahanin da ya yi wa jijiyoyi ba lalle ne ya gyaru ba. Likitocin haƙori na wannan jami'a su ma sun tarar tsamin 'ya'yan itatuwa ya fi cinye haƙoran masu cin ɗanye. A Amurka kuma, Luigi Fontana ya auna ƙasusuwan mutum 18 masu wannan tsari a 2005, ya tarar sun fi na sauran mutane rashin nauyi a kwankwaso da gadon baya.

Jiki ba ya yin shiru

Yanzu mun iso ainihin batun himma. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kimiyya kuma ta gano igiyar da guga. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano wani sinadarin saƙo mai suna leftin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don ya shaida mata cewa akwai ajiya. A 1999 masana a Japan suka gano wani, girelin, wanda tumbi ke fitarwa don ya ce a kawo abinci. Idan mutum ya rame, na farko ya ragu, na biyu ya ƙaru, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo gari. Daga nan za ta rage wutar da jiki ke ƙonawa, mutum ya riƙa jin sanyi da kasala, ta kuma ƙara masa kaifin hanci da tunanin abinci.

Mai karatu zai ce ai bayan ɗan lokaci jiki zai saba. Masana a birnin Melbourne na Ostireliya sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2011. Suka sa masu ƙiba hamsin a kan ƙaramin abinci na mako goma, suka rage kimanin kilo 13 kowannensu. Bayan shekara guda aka sake auna su, sai aka tarar har lokacin sinadarin yunwa yana sama da yadda yake tun farko, kuma su da bakinsu suna cewa sun fi jin yunwa.

Tun kafin a san sunayen waɗannan sinadarai an ga aikinsu. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya waɗanda suka ba da kansu don a gano yadda za a farfaɗo da waɗanda yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta galabaitar. Aka rage musu abinci zuwa kimanin rabi har mako 24, suka zubar da kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu. Waɗannan mutane ne masu aƙida, da aka zaɓo saboda natsuwarsu. Duk da haka sai ga su suna tara littattafan girke-girke, suna mafarkin abinci, suna faɗa kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu har suka saci jiki suka ci abin da aka hana su. To idan haka ta faru da su, mai cin ɗanyen da ƙamshin burodi ya kayar ba rago ba ne. Jikinsa ne ya ci nasara a kan ra'ayinsa, kuma sau da yawa jikin ne ke da gaskiya.

Sai kuma zaman jama'a. Ko a Turai, abinci shi ke haɗa iyali da abokai. Wanda ba ya cin abin da aka dafa a gidan mahaifiyarsa, ba ya cin na biki, kullum da ƙunshin ganyensa a jaka, a hankali sai a daina gayyatarsa. Wani likita ɗan Amurka, Steven Bratman, ya ƙirƙiro kalmar otoreksiya a 1997 don ya bayyana halin mutumin da neman tsarkin abinci ya zame masa ciwo, yana yini yana tunanin abin da ya halatta ya ci, yana jin ya yi zunubi idan ya kauce. Malaman makarantun kwana, musamman na 'yan mata, ya kamata su san wannan alama.

Inda ɗanye ke kisa

A wasu abinci, tukunya magani ce. Akwai wani jan wake mai siffar ƙoda da ake ci a Turai da Amurka, ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa mutum amai da gudawa, amma tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti goma tana lalata dafin. Waken suya da namu waken ma suna da sinadaran da ke hana narkewar furotin, sai an dafa su suke sakin hanya.

Rogo ya fi kowa ba da darasi, musamman mai ɗaci. A cikinsa akwai wani sinadari da wani inzayim, kowanne a ɗakinsa. Da zarar an goga rogon ko an tauna shi, sai su haɗu su fitar da gubar sayanaid. Ga dai inzayim na ɗanyen abinci yana aiki, amma guba yake haɗawa. Jiƙawa da gogawa da matsewa da tsimawa da suya, irin yadda ake yin garin kwaki, su ke korar gubar. Inda fari ko yaƙi ya sa mutane suka gaggauta cin rogon da bai gama sarrafuwa ba, akan sami wata cuta mai shanye ƙafafu farat ɗaya, wadda ake kira konzo. An fara bayyana ta a Kwango a 1938, ta kuma kama mutum fiye da dubu a arewacin Mozambik lokacin farin 1981. Ba ta da magani.

Tsiron tsaba ma, wanda masu cin ɗanye ke ji da shi, yana son ɗumi da laima, ƙwayoyin cuta kuma abin da suke so ke nan. A 2011 wata muguwar ƙwayar cuta ta ɓulla a Jamus, ta kwantar da mutum kusan 4,000, ta kashe fiye da 50. Da aka bi sawu sai aka tarar daga ɗanyen tsiron hulba ta fito. Ɗanyar madara kuwa tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da zazzaɓin nan mai kai-komo da ake ɗauka daga dabbobi.

To mai son ya ɗore fa?

A ganina tambayar ce ke bukatar gyara. Maimakon yaya zan ɗore a kan ɗanye zalla, sai a ce yaya zan ɗore da cin ɗanyen da ke da amfani. A nan kimiyya tana da abin faɗa.

A 2005 wasu likitoci a Boston suka raba mutum 160 gida huɗu, kowane gida da tsarin rage ƙiba irin nasa, na tsawon shekara. Abin da ya bambanta wanda ya yi nasara da wanda bai yi ba shi ne ɗorewa, ba irin tsarin ba. Kuma tsare-tsaren nan biyu da suka fi tsanani su aka fi gudu, kusan rabin mutanensu suka watsar kafin shekara ta cika. Dokar da ta ce ko loma ɗaya ba a yarda ba ita ce ta fi saurin karyewa, domin wanda ya yi kuskure sau ɗaya gani yake komai ya rushe.

Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon wata sabuwar ɗabi'a ƙarama, kamar cin ɗan itace tare da abincin rana, suka buga sakamakon a 2009. Kafin abin ya zame musu jiki, wato su riƙa yi ba tare da tunani ba, wasu kwana 18 suka yi, wasu lissafi ya nuna sai sun kai 254, na tsakiya kuwa kwana 66. Tsallake rana ɗaya bai ɓata komai ba. Abin da ya taimaka shi ne ɗaura sabuwar ɗabi'ar a jikin wani abu da ake yi kullum, a lokaci guda, a wuri guda. Da zarar ta zama jiki, ba ta ƙara bukatar himma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗanye ko dafaffe, ban da dankali da rogo. Wannan shi ne abin da za a iya riƙewa har tsufa, kuma ya yi kusa da abin da Bircher-Benner ke yi tun farko: a fara da ɗanye, a bi da dafaffe. Mu a nan ba sai mun nemi tuffa ba. Yalo da gurji da karas, kwaɗon latas ko kabeji ko lansir da ƙuli-ƙuli, gwaba da gwanda da lemo, magarya da kanya da goruba a lokacinsu, garin kuka na cikin ɓawo wanda ke cike da bitamin C, duk suna kasuwa, kuma yawancinsu sun fi lemon kwalba araha. Ɗalibin da ya ƙudurta cewa kullum kafin tuwon dare zai ci yalo biyu ko gwaba ɗaya ya ɗauki alkawarin da jikinsa ba zai yaƙe shi a kai ba. Sharaɗi guda shi ne wanki. Akwai lambunan da ake ba su ruwan kwata, ta nan kuma taifod da atini da tsutsar ciki ke shiga. A wanke da ruwa mai tsabta sau da yawa, abin da ke feruwa a fere shi. Gishiri yana taimakawa, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka.

Wanda kuma ya nace sai ya gwada ɗanye zalla, to ya zama baligi mai lafiya, ya riƙa shan ƙwayar bitamin B12, ya riƙa hawa sikeli, ya kuma ɗauki yawan jin sanyi da jiri da zubar gashi da rikicewar al'ada a matsayin umurnin tsayawa. Yara da matasa masu tasowa, waɗanda a shekarun nan ne ƙashinsu ke tara ƙarfin da zai yi musu har tsufa, da masu juna biyu da masu shayarwa, wannan tsari ba nasu ba ne. Mai ciwon suga da ke shan magani kuwa kada ya sauya abincinsa irin haka sai da sanin likitansa.

Gwaji a cikin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai rabin wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A nemi gasara kaɗan, da ruwan aidin, da kofuna huɗu, da farin faranti. A dama rabin ƙaramin cokali na gasara a kofi guda na ruwan sanyi, a ɗebi kashi ɗaya bisa huɗu a ajiye ɗanye a kofi na farko. Sauran a tafasa shi, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi kamar jikin mutum, a raba a kofuna uku. Ɗalibi guda ya kuskure baki, ya guntsi ruwa mai tsabta na minti ɗaya, ya zuba a wani mazubi. Wannan ruwan yawu shi ne inzayim ɗinmu.

A zuba cokali biyu na ruwan yawun a kofi na farko mai ɗanyar gasara, cokali biyu a kofi na biyu. Na kofi na uku a fara tafasa yawun kafin a zuba. Na huɗu kuma a fara matsa masa lemon tsami sosai. Bayan kowane minti biyu a motsa, a ɗigo daga kowane kofi a kan faranti, a ɗiga aidin. Muddin akwai sitaci, ɗigon zai yi shuɗi mai duhu kamar baba. Kofi na biyu ne zai fara daina yin shuɗi, ɗanyar gasara kuwa za ta daɗe tana yi, haka na uku da na huɗu. Ɗalibai su rubuta lokutan a jadawali, sannan su yi bayanin abin da kofi na huɗu ke nunawa game da inzayim ɗin da ya faɗa cikin tumbi. Kada a bari kowa ya ɗanɗana aidin, kuma a wanke kofunan da sabulu bayan an gama.